Shekarar da Teku Ya Yi Azumi Tare da Mu

Bana ma sun rufe tekun. Ranar Lahadin da ta wuce na ɗauki Nana muka tafi Nansha, bakin tekun Guangzhou, muka tarar da jiragen masunta a jere a bakin gaɓa, an ɗaure su hanci da hanci, tarunansu a naɗe ƙarƙashin tamfol, jajayen tutocinsu sun yi laƙwas saboda ba iska. Kowace shekara haka hukumar ƙasar nan take yi. Daga farkon Mayu ba mai jefa taru a teku sai tsakiyar Agusta, don kifi ya yi ƙwai, 'ya'yansa su samu su girma. Mai sandar fatsa kaɗai aka bari, shi ma ba a so ya tafi gida da ƙanana. Mutanenmu 'yan kasuwa ne suka sa wa abin suna azumin teku, sunan kuma ya zauna.

Nana 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. A Kano ta girma a hannun kakarta, sai bara ta zo karatu wata jami'a a unguwar Tianhe, nan Guangzhou. Ba ta taɓa riƙe sandar fatsa ba sai ranar, amma tana jefawa ba a jima ba zaren ya motsa. Ta fizgo wani kifi mai rawayan ƙaya yana ta wutsil-wutsil, ta yi ihun da ya sa tsofaffin 'yan China da ke zaune a jere suka waiwayo. Na karɓa, na zare ƙugiyar, na shimfiɗa shi a tafin hannuna. Na ce mata bai kai ba, ta mayar da shi ruwa. Kallon da ta yi mini shi ya jefa ni cikin wata shekara da na daɗe ban yarda na tuna ta gaba ɗaya ba.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Lokacin ina da wurin abinci a wani ɗaki can saman bene a unguwar Xiaobei, inda baƙar fata suka fi taruwa. Babu allo a ƙofa, hanci ne yake kai mutum. Kanawa masu sayen yadi da takalma, 'yan Maraɗi masu neman batir da kayan babur, 'yan zangon Kumasi, duk wanda cikinsa ya gaji da taliyar China ya san ƙofar Hajiya Kulu. Su ne ma suke sako mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin jakunkunansu in za su taso daga gida. Abin da ya yi mini suna shi ne miyar kuka da bandar kifin teku. Ni 'yar Yawuri ce, 'yar masunta gaba da baya, aure ne ya kai ni Kano, Kano kuma ta miƙa ni China. Rabin duro na samu na hau da shi rufin bene, ina banda kifina da ɓawon rake da nake karɓowa wajen masu matse ruwansa. Maƙwabta su leƙo suna zagina da yarensu saboda hayaƙi, ni kuma in ce musu shiye-shiye, wato na gode, in ci gaba da fifita wutata.

Abban Nana aikin kago yake yi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, inda ake loda kwantena. A wannan shekarar ya tafi gida sabunta biza, aka ce masa 'yan makonni ne, makonni suka zama watanni. Ya bar ni a hannun wansa, Yaya Alhaji Bala, wanda yake da ofishin kago nasa na kansa da yara masu yi masa aiki. Yaya Bala ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa yana ƙasa. Mutum ne dai da tun da ya yi kuɗi ba a taɓa ce masa a'a ba, har ya manta da akwai kalmar. Tun ranar da ƙaninsa ya tafi yake cewa zaman mace ita kaɗai a China bai dace ba, in rufe tukunya in koma Kano. Ni kuwa na san in na fita ba lallai in sake shigowa ba, ga abin da ya samu mijina ina gani. Mai gida zai ba wani ɗakin, kwastomomi su watse, abin da na gina da hayaƙi a idona ya tafi a banza.

Sai azumi ya faɗo a tsakiyar rufe teku. Wanda bai yi azumi a Guangzhou cikin wannan lokaci ba, bai san ƙishirwa ba. Zafin Kano busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har cikin ɗaki. Bango yana gumi, tabarma tana gumi, ka wanke mayafi ka shanya kwana biyu ka ɗauko shi yana warin ruma. Rana ga tsawo, ka yi ta duban sama ta ƙi faɗuwa. Sai la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin, a zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, a ɗauke, ƙasa ta hau tururi, zafin ya dawo ya fi na da.

Na je kasuwa wajen matar da nake sayen kifi, ta girgiza kai tun kafin in ƙarasa. "Meyo, lawban. Meyo." Babu, shugaba, babu. Na zaga kasuwar duka, kalmar ɗaya ce. Akwai kifin kiwo, wannan ba ya yankewa, yana nan cike da bahuna yana iyo. Na saya na gwada. In ka ɗora shi a wuta sai ya narke ya manne wa waya, a miya kuma warin taɓo da abincin kaji yake yi. Akwai na ƙanƙara da ya yi wata da watanni a firiza, shi kuma ba shi da maraba da soso. Mutanen da suka wuni da ƙishirwa suna tunanin miyata suka fara ture kwano suna cewa, "Hajiya, yau kuma me ya faru?" Kafin azumi ya yi nisa tabarmata ta fara yin fili.

Ba a jima ba na gano inda suke zuwa. Akwai wani mai babur da ke tsayawa a lungun bayan kasuwa da akwatunan farin soso a rufe. In ya yarda da kai sai ya ɗaga murfin kaɗan. Kifin teku ne sabo fil, amma 'yan mitsi-mitsi, wani bai kai ɗan yatsa ba, irin wanda sai tarun da idonsa ya yi na gidan sauro yake kamawa. A ɓoye ake fita a kwaso su. Sauran masu abinci suka dinga saya suna soyawa ƙarau, a barbaɗa yaji, maza su yi ta ci suna santi. Ni ma ya ɗaga mini murfin, ya faɗi farashi mai sauƙi. Na duba cikin akwatin, na juya na tafi ko sallama ban yi masa ba.

Na taɓa ganin irin wannan akwatin, a kwando ne dai, a bakin ruwan Yawuri ina yarinya. Babana masunci ne mai mamari da birgi, wato jerin ƙugiyoyi da tarun jefawa. In Sarkin Ruwa ya ce an rufe ruwa, Baba yakan kife jirginsa ya zauna gyaran taru, Inna kuma ta raba mana kifi ɗaya a tukunyar gida duka. In an buɗe, yana da ma'auninsa. Ya shimfiɗa kifi a tafin hannunsa, in bai wuce dogon yatsansa ba sai ya sake shi a ruwa. Mu mata da hannunmu bai kai nasa ba, ya ce mu ƙara yatsu biyu a kwance. Sai wasu suka zo da taru mai ƙananan ido da ake kira dala, suna jan ruwa har ƙasa, suna kwashe uwa da 'ya'ya da ƙwai. Baba ya yi magana har muryarsa ta dushe, aka ce masa tsohon yayi. Shekaru kaɗan aka yi ana shagali. Daga nan sai Baba ya fita tun asuba ya dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Na ga ranar da wurin bandarmu ya huce, kaji suka fara kwana a ciki. Yayyena suka watse, wani Legas wani Baga, Baba ya ƙare rayuwarsa yana gadin shagon wani a kasuwa. Har ya rasu in zai karɓi abu sai ka ga ya shimfiɗa tafin hannunsa kamar mai awo.

To ni ce za a ce in sa wannan a tukunyata? Na rantse a raina ko wurin zai rufe ba zan saya ba. Amma rantsuwa ba ta cika kwano, sai na shiga neman mafita. Matar nan mai kifi ce ta nuna mini da hannu, tana kwaikwayon mai jefa fatsa, tana ɗaga babban yatsa. Wannan ba a hana ba. Na sayi sanda da zare da ƙugiyoyi a wani ɗan shago, mai shagon yana ta leƙen bayana yana neman mijin da ya aiko ni.

Haka kwanakin suka koma. In tashi in dafa sahur, in ba masu zuwa karɓa a ƙofa, in yi sallar asuba, in jiƙa shinkafar tuwo, in ɗauki bokiti da sanda a cikin buhu in fita. Jirgin ƙasa har ƙarshen layi, daga nan bas, daga nan ƙafa, har in kai wata doguwar katanga ta duwatsu inda kogi yake haɗuwa da teku, ruwan ya yi gishiri. Daga nesa kana hango injinan tashar Nansha suna ɗaga kwantena. Tsofaffin maza ne a wurin, masu ritaya, kowa da kujerarsa da lemarsa da gorar shayinsa. Ranar farko da suka ga baƙar mace da hijabi ta buɗe buhu ta haɗa sanda, wurin ya yi tsit. Wani har ya taso ya tsaya a kaina yana kallo, hannu a baya. Na ɗaura ƙugiya irin ɗaurin Baba, na sa ɗan jatan lande a matsayin ƙoto, na yi bisimilla na jefa. Da na ciro na farko sai suka hau surutu gaba ɗaya, na san dai ba zagi ba ne.

A cikinsu akwai wani siriri mai haƙori ɗaya na azurfa, sunansa Liyang, ni kuma na ƙara masa Baba. Ba ya jin Turanci, ni kuma Sinancina na ciniki ne, amma mun fahimci juna. Shi ma yana da ma'auni: tsinken cin abinci ne guda ɗaya da ya yanke, yana soke da shi a aljihun riga. In ya kama kifi ya kara shi da tsinken, in bai kai ba ya ce "tai shiyaw", ya yi ƙanƙanta, ya sake shi. Da ya ga ina yin nawa da hannu sai ya kamo tsinken ya ɗora a tafina da yatsu biyun. Kusan daidai suke. Ya yi dariya har da buga cinya. Da ya gane ba na shan ruwa, sai ya daina shan shayinsa a gabana, ya riƙa juya baya, kuma kullum ya karkato lemarsa ta rufe ni.

Kafin azahar nake naɗe zare in kamo hanya, don in samu in tuƙa tuwo. Wata rana in dawo da uku, wata rana huɗu, wata rana bokiti ya dawo yadda ya tafi. A cikin jirgi in zauna leɓena a bushe, kayana sun manne a jiki, mutane suna matsawa saboda ƙarni. Abin da na samo ba ya isar kowa, amma wanda ya ci ya san ya ci kifi. 'Yan kaɗan suka tsaya mini, cikinsu har da wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Isuhu, wanda kullum yake cewa shi tuwon ya zo ci, kifi ƙari ne.

Labari ya kai wa Yaya Bala cewa matar ƙaninsa tana zama cikin ƙartin China a bakin teku tana su. A goman ƙarshe, wata ranar da yamma ina tsaka da kwashe tuwo, sai ga shi ya hawo benen yana haki, rungume da akwatin farin soso. Ya dire shi a tsakiyar kicin ɗina.

"Kulu, gobe ina da baƙi. Manyan kwastomomina ne daga Kantin Kwari, na ce musu a nan za mu sha ruwa, na kuma yi musu alkawarin kifin teku. Ga shi nan na sayo miki, kin huta da wannan yawon abin kunyar."

Na ɗaga murfin. Su ne, 'yan mitsi-mitsin nan, idanunsu a buɗe.

"Yaya, ka yi haƙuri. Wannan ba zai shiga tukunyata ba."

"Haram ne?"

"Ban ce haram ba ne."

"To mene ne? Sun riga sun mutu. In kin ƙi dafawa za su tashi su koma ruwa ne? Zubarwa za a yi, ki ɗauki zunubin almubazzaranci a watan azumi."

Gaskiya maganarsa ta shige ni, don ba ƙarya ya yi ba. Na tsaya da muciya a hannu ina duban kifin. Amma na san yadda abin yake tafiya, na gani da idona.

"In na dafa yau, Yaya, gobe mai tarun zai sake fita saboda ya san akwai mai saya. Ni ba zan zama dalilinsa ba."

"Tekun na ubanki ne? Ƙasar arna, dokar arna, ke ce za ki tsare musu?"

"Na ubana an riga an cinye shi, shi ya sa."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya ce, a hankali, gobe in baƙinsa suka zauna babu kifin teku a gabansu, to na nuna wurin ya fi ƙarfina, zai yanko mini tikiti in tafi in riƙe 'yata kamar sauran mata. Ya juya zai fita. Na sunkuci akwatin na bi shi har ƙasan bene, na ajiye masa a bakin ƙofar motar da ta kawo shi, na ce Allah ya huci zuciyar Yaya, na hau sama.

Washegari ko gari ban bari ya gama wayewa ba na kama hanya. Sama ta yi nauyi, an ce guguwar teku tana tafe, tsofaffin ma 'yan kaɗan ne suka fito. Ruwan ya yi duhu yana dukan duwatsu. Na jefa, na kama ƙarami, na saki. Na sake jefawa, ƙarami. Kamar duk yaran tekun sun yi shawara su zo su gwada ni. Can rana ta ɗaga na samu guda ɗaya mai kyau, ya kai tsawon damtsena, na yi hamdala na sa a bokiti. Daga shi shiru. Maƙogwarona ya bushe har haɗiyar yawu tana yi mini ciwo, kaina yana sarawa, ina ta lissafin bakin da za su zauna a tabarmata.

Dab da lokacin tashina zaren ya ja da ƙarfi. Na ciro wani mai rawayan ƙaya, mai ƙiba, kyakkyawa. Na shimfiɗa shi a tafina, na kara yatsu biyu. Saura kaɗan, bai fi faɗin farce ba. Na gyara masa kwanciya, na ja wutsiyar, bai kai ba. Baba Liyang yana gefena, ya ga bokitina, ya ga fuskata. Sai ya mayar da tsinkensa aljihu, ya juya baya yana kallon jiragen ruwa, wai shi bai ga komai ba. Wallahi na so in sa shi a bokiti. Ba hukuma a wurin, ba Yaya, ba kowa. Na ji haushin Babana, na ji haushin tekun, na ji haushin kaina. Na durƙusa a kan dutse na sa hannuna cikin ruwa na buɗe. Ya ɗan tsaya a tafina kamar bai yarda ba, sannan ya wuce. Ruwan sama ya sauko kafin in kai tashar bas, na shiga jirgi ina ɗiga.

Kifi ɗayan nan na hau da shi rufin bene na banda shi ƙarƙashin lema, hayaƙi yana cika mini ido. Na ɓare shi, na cire ƙaya, na marmashe shi a cikin babbar tukunyar miya yadda Inna take yi in an rufe ruwa. Na zuba daddawa ba tausayi. Na dama kunun tsamiya, na soya ƙosai, na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi. Na yi wanka na sa atamfata mai kyau, don ban ga dalilin da zan tarbi hukuncina a yamutse ba.

Suka zo, manyan mutane da manyan riguna, suka cika ɗakin da turare. Aka sha ruwa, aka yi magariba, na jera kwanuka. Yaya Bala ya ɗauki cokali ya shiga juya miyarsa. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗago cokalin ya duba. Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar ruwa a jikin taga.

"Kulu, ina kifin?"

Na ce, "Yana cikin teku yana girma, Yaya."

Alhaji Isuhu da ke can gefe ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ya goge ido ya ce, "Wallahi Hajiya, ke dai a bar ki." Ɗaya daga cikin baƙin ya yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa, har ya nemi ƙari. Sauran suka dubi Yaya. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye cokalin, ya wanke hannun da bai taɓa abinci da shi ba, ya tashi, mutanensa suka bi shi. Na kunyata shi a gaban baƙinsa, na sani, kuma ban ji daɗin hakan ba. Amma da aka ce in janye kalmar da ban janye ba.

Bayan kwana biyu tikiti ya zo, na tafiya kawai, ba dawowa. Abban Nana ya kira ya ce in bi maganar Yaya a zauna lafiya. Na ce masa in na taho, shi in ya samu bizar wurin wa zai dawo? Sai ya miƙa wa Nana wayar. Tana 'yar shekara bakwai lokacin, haƙoranta na gaba sun fita, maganarta tana fita da iska. Ta ce Baba Alhaji ya ce Umma tana zuwa bayan sallah, an yi mata kitso, ta ajiye mini naman kaza a cikin kwano ta hana kowa taɓawa. Yaya ya riga ya gaya mata. Na ce mata Allah ya yi mata albarka. Da na ajiye na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Wancan lokacin a farkon Agusta ake buɗe teku, ba a ƙara wa'adin ba tukuna. Ranar da aka sa a tikitina ta zo daidai da ranar buɗewar, kwanaki kaɗan bayan sallah. Na tashi da safe na yi wanka na shirya. Motar da Yaya ya turo tana ƙasa tana jira. Na fita ta ƙofar baya da bokitina, na hau jirgin ƙasa zuwa Nansha. Da rana ta take aka busa ƙaho, aka kunna abin tartsatsin wutar nan nasu na biki, jirage suka kwance gaba ɗaya suka nufi teku, tutoci suna kaɗawa, mata suna ɗaga hannu a bakin gaɓa. Wayata tana ta ruri a cikin jaka. Na bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Da jiragen kusa suka fara dawowa, ni na sayi kwandon farko, manya-manya, ba wanda na tsaya aunawa.

Wurin bai rufe ba. Mutane suka dawo da kaɗan-kaɗan, har da waɗanda suka fi kowa santin soyayyen yaran kifi, ban kuma yi wa kowa gori ba sai 'yan kaɗan. Abban Nana ya samu bizarsa daga baya ya dawo ya tarar da ɗakinsa da tukunyarsa. Yaya Bala bai sake cin abincina ba har Allah ya karɓi ransa. Yanzu ina da shago a ƙasa mai allo da lasisi, da injin banda da ba ya damun maƙwabta, kifi kuma a waya nake odarsa. Baba Liyang ya daina zuwa katangar shekarun baya, ban san wanda zan tambaya ba. Nana kuwa, sai da aka ƙara shekara biyu kafin takarduna su daidaita in je gida. Na bar ta tana kai mini ƙugu, na tarar da ita ta kusa kafaɗata, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa.

Ban taɓa ba ta labarin nan ba, amma ta girma tana shiga tana fita a gidan Yaya na Kano, ba abin da ba ta ji ba. Ranar Lahadin nan tana tsaye da kifin a hannunta. Ta shimfiɗa shi a nata tafin, ta kara yatsu biyu yadda ta ga na yi. Bai kai ba.

"Umma, saboda irin wannan ne kika ƙi zuwa?"

Na ce, "Saboda shi ne."

"Da za a mayar da ranar fa?"

"Haka zan sake yi."

Ta daɗe tana kallon kifin yana buɗe baki yana rufewa. Sai ta ɗaga hannu ta wurga shi da ƙarfi, ya faɗa can nesa ya yi fantsama. Na ce mata ba haka ake yi ba, a hankali ake sakin su, a sa hannu cikin ruwa, kar a ji musu ciwo.

Ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Ke a hankali kika sake ni?"

Ban ba ta haƙuri ba, don in na ba ta ƙarya na yi. Na buɗe robar ƙoto na zaɓo jatan lande mai kyau na miƙa mata. Ta bar hannuna a miƙe har ya fara gajiya, sannan ta karɓa ta soka a ƙugiya, ta matso kusa da ni ƙarƙashin lema ta sake jefawa.